Kwana goma a bakin tekun Ghana

Shekara tara ina koyar da fikihu a Islamiyya, ina karanta wa ɗalibaina hukuncin ruwan teku da abin da ke cikinsa, alhali ban taɓa ganin tekun da idona ba. Sai a 2022 Allah Ya nufa na je sunan ɗan yayana a Accra, garin da iyayenmu ke kira Ankara.

Ta mota muka bi: Legas, Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflawo. Idan za ki je, ki riƙe fasfonki da katin rigakafin shawara a jakar hannu, don za a yi ta tambayarsu a kan iyaka.

A Nima muka sauka, unguwar da za ki ji Hausa ko'ina, sai dai Hausar tasu ba ta cika damuwa da bambance namiji da mace ba, har da farko na yi ta danne dariya. Da asuba koko da ƙosai ne, kuma ko waɗanda ba Musulmi ba kokon Hausa suke ce masa. Da hantsi kuma sai wace, wato shinkafa da wakenmu, sunan ma daga "wake" ya fito. Da karan dafi suke dafa ta har ta yi ja, a zuba garin rogo da taliya da ƙwai da ganda, a ɗora shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. Na ci har na manta ni baƙuwa ce.

Ranar ta uku ce na yi abin kunya. Matar yayana, haifaffiyar can ce, ta wuni tana tuƙa banku da miyar kuɓewa don karrama ni. Ina sa hannu sai ga ƙaguwa sukutum da ƙafafunta a cikin miyar. Wallahi ban san lokacin da na ture kwanon na ce "A'uzubillahi" ba, a gaban mahaifiyarta. Ɗakin ya yi tsit. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Malama, ashe haram muke ci tun muna yara?"

Ni da na sha faɗa wa ɗalibai cewa a mazhabar Malikiyya duk dabbar ruwa halal ce, ko an same ta a mace! Ƙyanƙyami ne kawai irin na wadda ta tashi nesa da ruwa, na lulluɓe shi da addini. Ba dole ne in ci ba, amma ba ni da ikon haramta wa mutane abincinsu. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni, halal ne, baƙunta ce ta sa." Ta yi murmushi, ta fasa min ƙaguwar da hannunta. Naman fari ne, mai ɗan zaƙi. Kaɗan na iya ci, ba zan yi miki ƙarya ba. Inda ya kamata ki yi hattara shi ne wajen unguwannin zango, domin ana gasa naman alade a bakin titi, don haka ki tambaya kafin ki saya.

Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ginin Turkawa da aka buɗe a 2021. Daga nan muka nufi Elmina, tafiyar wajen awa uku zuwa yamma. Garin masunta ne 'yan ƙabilar Fante, jiragen katako masu fenti cike da bakin ruwa, mata suna banda kifi. Ranar Talata bisa al'adarsu ba a shiga teku. A nan ne dokunu, ƙullun masara mai tsami da ake dafawa a ganye, ya fi daɗi da soyayyen kifi.

Turawan Fotugal ne suka gina gidan bayi na Elmina a 1482, Holanda ta ƙwace shi a 1637. An shigar da mu kurkukun mata, ɗaki mai duhu da ɗoyi har yau, aka nuna mana barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so. Da mai yi mana jagora ya ambaci kasuwar Salaga a cikin wuraren da aka riƙa kawo bayi daga arewa, sai gabana ya faɗi. Gwanja ke nan, inda fataken Hausa suke zuwa sayen goro, wasunsu kuma har da cinikin mutane. Ban taɓa jin wannan ɓangaren ba a hirar fatauci da ake yi mana a gida.

Da la'asar na tsaya a bakin ruwa, igiya tana jiƙa min gefen hijabi. Na ɗebi ruwan na yi alwala da shi, gishiri ya cika min baki wajen kurkura. Na kuma cika wata 'yar gora na taho da ita Kano, ranar Asabar ɗaliban aji huɗu suka yi layi kowa tana ɗanɗanawa da yatsa.