Yadda na daina gudu ni kaɗai a Dutse

1/ Ranar da na fara fita gudu a garin Dutse, 'yan sintiri ne suka tare ni. Asubar fari, ko kiran sallar farko ba a gama ba, sai ganin hasken tocila na yi a fuskata: "Kai! Tsaya nan! Me ka ɗauko?" Bari in ba ku labarin daga tushe. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Ni ɗan Jahun ne, ina aji uku a Jami'ar Tarayya ta Dutse, muna haya ni da abokina a wajen makaranta. A da in ka ce min in yi gudu, sai in tambaye ka wa ya biyo ni. Zuwa lakca acaba, dawowa acaba. Da daddare indomi da ƙwai a wajen mai shayi, sannan waya a hannu har ƙarfe biyu.

3/ Bara Allah ya jarrabe mu. Babanmu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa ba a sani ba. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, sai ga shi ni nake riƙe masa buta ya yi alwala.

4/ Ina jinyarsa ne wata nas ta ce, "Kai ma kawo hannunka." Ta auna: 150/95. Ta ce in zauna in huta, ta sake aunawa, kusan haka dai. Ta tambayi shekaruna, na ce 22. Kallon da ta yi min ya fi lambar tayar min da hankali.

5/ Da na dawo Dutse na auna sau uku a ranaku daban-daban, bai sauka ƙasa da 140/90 ba, wato inda ake fara kiran abin hawan jini. Likita ya ce in rage gishiri da magi, in riƙa barci a kan lokaci, in motsa jiki, in dawo bayan wata uku. In bai sauka ba, sai magani.

6/ Shi ya faɗa min ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako ga baligi. Minti 30 sau biyar ke nan. Na ce a raina ai wannan ba komai ba ne. Amma kunya ta hana ni fita ido na ganin ido, shi ya sa na zaɓi duhun asuba.

7/ To, ka ji yadda na faɗa hannun 'yan sintiri. Sai da na kai su ɗaki na nuna katin makaranta. Babbansu ya ce, "Ɗan makaranta, a garin nan in ka ga mutum yana gudu a duhu, ko ya yi ɓarna ko ɓarna ta biyo shi." Suka yi ta dariya. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi.

8/ Na koma fita bayan sallah. Kwana tara na yi ni kaɗai. Nakan fizga da ƙarfi kamar an saki ɗan maraƙi, minti uku ƙirjina ya ɗau zafi, ƙwaurina ya riƙe. Ga karnuka, ga yara masu cewa "a kama shi!" Ranar ta goma na kashe ƙararrawar waya na gyara kwanciya.

9/ Wata Asabar ina dawowa daga masallaci, a bakin titin Ibrahim Aliyu, na ga mutum kusan goma sha biyu suna gudu a hankali, har da hira. Can baya wani dattijo mai furfura yana tafe kafaɗa da kafaɗa da wani mai ƙiba yana haki. Dattijon ya dube ni ya ce, "Samari, taho mu je, ba a biyan ko sisi."

10/ Da silifas na bi su. Ba su da suna, ba su da allo, ba su da ofis. Guruf ne kawai a WhatsApp. Akwai ma'aikatan sakatariya, 'yan bautar ƙasa, 'yan foli, ɗan sanda, da mai gyaran waya a kasuwa. Talata, Alhamis da Asabar, da an sallame sallar asuba.

11/ Dattijon tsohon soja ne, kowa Baba yake ce masa. Abin da ya fara koya min: "Ɗana, in aka yi maka sallama kana gudu ka kasa amsawa, ka yi sauri da yawa." Ya sa ni gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a maimaita. Na ji kamar raini ne. Amma ranar na cika minti 30 ban zube ba.

12/ Doka ɗaya ce da su wadda ba a taɓawa: ba a barin kowa a baya. Na gaba in sun kai shatale sai su juyo su tarar da na ƙarshe. Baba kuma kullum shi ne a bayan na bayan. Wata biyu cur ni ne wannan na bayan. Tarihin rayuwarsa kaf na ji shi a kan titi.

13/ Abin da ban sani ba sai da na fara: Dutse gari ne na gudu. Tituna masu faɗi, motoci kaɗan da sassafe. Mukan bi titin Sani Abacha, mu zaga Dandalin Malam Aminu Kano, wata rana mu miƙe hanyar Kiyawa. Shekara uku ina garin a bayan acaba, ashe ban taɓa ganinsa ba.

14/ Wasu Asabar ɗin mukan hau dutse. Hawan yana fitar da ran mutum, amma in ka kai sama ka ga rana tana fitowa ta bayan duwatsu, ga itatuwan dabino, ga hayaƙin masu ƙosai yana tashi unguwa-unguwa, sai ka manta cinyarka tana rawa.

15/ Kada ku ɗauka duk daɗi ne. Akwai maganar kuɗi. Wasu suna da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, suna ɗora taswirar gudunsu a Strava, takalminsu ya fi kuɗin hayata. Ni kuwa kambas ɗin gwanjo ne, ya buɗe baki ta gaba. Wata rana wani ya ce, "Takalminka ma yana haki."

16/ Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma na koma ɗaki abin ya tsaya min a wuya. Lokacin duk abin da ke gida maganin Baba da gashin ƙafarsa yake tafiya, ba ni da fuskar da zan nemi kuɗin takalmi. Na daina zuwa. Mako biyu. Na sa guruf ɗin a shiru.

17/ Sai ga kiran Baba soja. Bai tambaye ni dalili ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka bar ni a baya ni kaɗai, ba ni da abokin hira." Na dawo. Wanda ya yi maganar ya ja ni gefe ya ba ni haƙuri. Daga baya na ji Baba ya tara su ya yi musu wankin babban bargo.

18/ Tun daga nan aka tsayar: ba kuɗin dole, ba rigar dole. Mai hali ya sayi ledar fiya wata, marar hali ya sha. Na faɗi wannan ne don na san akwai masu son shiga irin wannan taro, abin da ke hana su bai wuce takalmi ba.

19/ Sai maganar mata, wadda har yau ba mu warware ba. Akwai 'yan'uwa mata biyu da suke zuwa, da hijabinsu da dogon wando. Ɗaya likita ce ta sa ta saboda ciwon suga ya yi yawa a gidansu. Wata safiya wani mai mota ya rage gudu ya jefa musu maganar da ba zan iya rubutawa ba.

20/ Aka yi ta muhawara a guruf. Wasu suka ce su riƙa yi a gida, wasu suka ce titi na kowa ne. Ni dai abin da na ce: ciwon suga ba ya tambayar ko ke mace ce. Ɗaya ta ci gaba da zuwa tare da ƙaninta. Ɗayar an hana ta a gida, ba mu sake ganinta ba. Abin yana damuna.

21/ Yanayi ma malami ne. Da hunturu hazo da ƙura sukan sa mu rage, masu asma su huta. A watan Afrilu, da zafi kan haura digiri 40 da rana, kafin ƙarfe bakwai mun watse. Da azumi sai bayan tarawihi, shi ma tafiya ta fi gudu yawa. Ba wanda ake ba lambar yabo don ya suma.

22/ Wani ɗan bautar ƙasa daga Filato ne ya buɗe min ido a kan yadda abin yake a duniya. Ya ba ni labarin masu gudun dogon zango na wajen Pankshin, da gasar maratan ta Legas da aka fara a 2016, kilomita 42 da ɗoriya. Ni da nake murnar kilomita 3.

23/ Shi ya nuna min parkrun: mutum 13 ne suka fara ta a wani lambu a Landan a 2004, kilomita 5 duk safiyar Asabar, kyauta. Yau ana yin ta a ƙasashe da dama. Na ce ashe abin da muke yi a bakin titi ba hauka ba ne, mu ma kusan adadinmu ke nan.

24/ Ko Eliud Kipchoge na Kenya, da ya yi maratan cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, mutum 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna ja masa gudu. In gwanin duniya bai yi shi kaɗai ba, ni ɗan Jahun mai kambas ɗin gwanjo wa ya aike ni?

25/ Bayan wata uku na koma wajen likita: 134/86. Bayan wata shida: 126/80. Bai ɗora ni a kan magani ba, amma ya ce tunda abin yana gida, in ci gaba da awo har abada. Gudun kaɗai ba shi ya yi ba, na rage magi, na daina kai wa ƙarfe biyu. Sai dai gudun ne ya tilasta min kwanciya da wuri.

26/ Ranar da wayata ta nuna na cika kilomita 10 ba tsayawa, ban ɗora ko'ina ba. Gida na kira. Maganar babanmu ba ta fita sosai har yanzu, amma na ji ya ce, "Madalla." Na zauna a bakin kwalbati na share ido, na ce wa mutane gumi ne.

27/ Yanzu in na je Jahun hutu, bayan asuba nakan kama hannunsa na hagu, sanda a gabansa, mu taka daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci mu dawo. Yakan ja ƙafa, yakan tsaya ya huta. Nakan tsaya tare da shi. A titin Dutse na koyi wannan tsayuwar.

28/ In kana son farawa: ka auna jininka tukuna, kemis da yawa suna yi. In kana da ciwon zuciya ko asma, ka ga likita kafin ka fita. Ka fara da tafiya. Ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, ka bar abin kunne a ɗaki. Kuma ka riƙe katinka, ka ji abin da ya same ni.

29/ In ba ka san kowa ba, fito bakin babban titi safiyar Asabar, za ka ga masu yi. Yi musu sallama ka bi baya. In ba su a unguwarku, mutum uku sun isa a fara. 'Yan'uwa mata ku nemi junanku, mu kuma maza mu kama bakinmu, mu kama na abokanmu.

30/ Yanzu akwai wani sabon yaro ɗan aji ɗaya da ya shigo, da silifas ya zo kamar ni. Baba ya ce gwiwarsa ta fara ciwo, don haka ni ne a bayan na bayan ranar Asabar. Ku sa babanmu a addu'a, Allah ya ba shi lafiya da duk marasa lafiyarmu. Ku je ku auna jininku, don Allah.