Tsuntsayen Marka: Daga Kankiya Zuwa Kusada

Duk ɗan makarantar da ya tashi a ƙasar Katsina ya san marka. Ita ce kwanakin nan na watan Agusta da rana ke ɓuya, yayyafi ya wuni yana sauka, wanki ya ƙi bushewa, itace ya ƙi kamawa, sanyi ya sa a lalubo rigunan da aka ajiye tun hunturu. Da yawanmu mukan ɗauke ta lokacin zaman ɗaki, tunda ta faɗo cikin dogon hutu. To amma ga mai son kallon tsuntsaye, da wuya a sami lokacin da ya fi ta. A hutun bana mun yi kwanaki muna zagaya gidaje da lambuna da bakin gonaki tsakanin Kankiya da Kusada, ba mu riƙe da komai sai littafin rubutu da fensir da buhun da muka yi lema da shi.

Mun fara daga tsakar gida a cikin garin Kankiya. Idan ruwa ya tsagaita, wadda take fara saukowa ita ce baiwar Allah, 'yar mitsitsiyar nan da namijinta ja ne, macen kuma ruwan ƙasa. Gindin turmi take nufa, inda tsakin gero ya zube. Ba ta cika tsoron mutane ba, har a cikin jinkar ɗaki take yin sheƙa. Bayanta sai kurciya, ita kuwa takan zauna a kan katanga ta kumbura kamar ƙwallo. Wannan kumburin dabara ce. Zafin jikin tsuntsu yakan kai digiri 40 zuwa 42, ya fi namu da ke wajen 37, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin rasa ɗumi. Idan tsuntsu ya buɗa gashinsa, iska takan maƙale a tsakani ta zame masa bargo. Za ku kuma ga yana kai baki gindin wutsiya yana shafe fukafukai. Akwai wani ɗan ƙullutu a wurin mai fitar da maiƙo, da shi yake gyara gashin don ruwa ya riƙa zamewa. Duk wannan aiki yana cin ƙarfi, shi ya sa da ruwa ya ɗauke sai ku ga kowa ya fito neman abinci a gurguje.

Daga gari muka bi hanyar da ke tsakanin gonakin gero da dawa. A nan gawo ya yi mana rana. Shi kaɗai ne itacen da ke zubar da ganye da damina, don haka duk tsuntsun da ya sauka a kansa a fili yake. A kan gawo muka ga cilakowa da dogon bakinta, ga hankaka yana jiran abin da zai faɗi. A cikin ciyayin kwari kuwa mulufi ne ke ta shawagi, ja wur da baƙi, kamar an yi masa ɗinkin salla. Da rani ba za ku gane shi ba, domin yakan koma ruwan ƙasa kamar matarsa. Da damina kaɗai yake sa wannan ado, lokacin neman aure da tsaron wurin sheƙa. Haka ma tsuntsun nan masaƙi, rawaya mai baƙin kai, wanda ke rataya sheƙunansa birjik a reshe guda. Namijin ne ke saƙa da ɗanyen ganyen ciyawa, macen ta zo ta duba. In ba ta yi mata ba, sai ya warware ya sake sabuwa.

A Kusada mun sauka bakin madatsar ruwa da sassafe, hazo bai gama tashi ba. Balbelu na bin shanu suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar, zalɓe na tsaye a ruwa kamar an dasa shi, ragon maza kuma yana kuka daga cikin duhuwa, sautinsa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Amma wadda ta fi ɗaukar hankalinmu ita ce shamuwa, a kan manyan itatuwan cikin gari. Takan iso ƙasar Hausa wajen Afirilu zuwa Mayu, gab da faɗuwar ruwa, shi ya sa manoma ke murna da ganinta, ba a kuma taɓa ta. Ƙwai biyu zuwa uku take yi, ta kwanta a kansu kimanin wata guda. A lokacin marka 'ya'yan sun yi girma, suna tsaye a bakin sheƙa suna gwada fiffike. Idan kaka ta yi, sai su bi iyayensu su nausa gabashi da kudancin Afirka, har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke farawa lokacin da tamu ta ƙare. Fara da tsutsa ne abincinta, wato ma'aikaciya ce a gonar manomi wadda ba ta karɓar lada.

Akwai kuma wadda muka nema ba mu gani ba. Dattawan da muka zauna da su a Kankiya da Kusada duk sun ce a da ba a yanka dabba a mahauta ba tare da ungulu ta sauko ba. Mu kuwa ko ɗaya ba mu ci karo da ita ba. A shekarar 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da kamun da ake yi mata don sayar da sassan jikinta, da sare manyan itatuwan da take sheƙa, su ne suka kai ta nan. Idan babu ita, mushe yakan daɗe a yashe yana wari, ƙudaje da karnuka su yi ta yawo a kai. Abin da ya sami ungulu zai iya samun shamuwa ranar da aka sare tsamiya ko kukar da take komawa kowace shekara.

Ba mu ce duk tsuntsu abokin manomi ba ne. Wanda ya taɓa wuni yana kaɗa gwangwani a gonar gero saboda jan-baki ya san ɓarnar da garkensa ke yi. Sai dai yaron da ya ɗauki danƙo ya harbe uwa a kan sheƙa cikin marka bai kare gonar kowa ba. 'Ya'yan da ta bari, sanyi da yunwa ne za su kashe su kafin gari ya waye.

Ga abin da kowane ɗalibi zai iya yi kafin a koma makaranta. Ku zaɓi wuri guda, ko tsakar gida ko bakin lambu, ku zauna shiru na minti 20 da safe. Ku rubuta kwanan wata, da yanayin gari, da sunan kowane tsuntsu da yawansa. Wanda ba ku san sunansa ba, ku zana shi ku kai wa kaka ko wani tsohon manomi, domin sunayen Hausa na tsuntsaye ma suna ɓacewa tare da masu saninsu. Irin wannan rubutu ne masana ke tattarawa. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take haɗa taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma da rahoton 'yan sa-kai take aikin. Ana kuma bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba. Ta Oktoba takan zo daidai lokacin da shamuwa ke haramar tafiya, baƙin tsuntsaye daga Turai kuma suna isowa bayan sun ƙetare Sahara. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku za ta iya fita ranar, ku ƙirga sheƙunan shamuwar garinku, ku ajiye lissafin. Baɗi in Allah ya kai mu ku sake ƙirgawa, ku aiko wa wannan shafi abin da kuka samu.