Agogon da ban saya ba

Ina ɗan lakwal a Tawa, ƙarshen shekarun 1980, motocin tseren Paris-Dakar suka ratso garinmu daga Agadas za su Yamai. Muka sulale daga aji muka je kallo. Washegari mushe ya zane mu, amma babu wanda ya yi nadama. A 1989 da 1990 Ari Vatanen ne ya ci tseren da Peugeot 405, kuma kowace motar kara da muka ƙera a unguwarmu sunanta ke nan. Tseren ya bar Afirka tun 2009, yanzu a Saudiyya ake yin sa, amma ni bai fita raina ba.

Shi ya sa, da na haura arba'in, ina koyarwa a makarantar horon malamai, na sayi wata tsohuwar Peugeot 205 da ta shekara uku kwance. Ƙanena makanike ne. Muka cire kujerun baya, mai walda ya haɗa mana kejin ƙarfe a ciki, na sayi hular kwano. Ba gasa muka nufa ba, wani fili ne mai rairayi a bayan gari inda babu mutane babu dabbobi, mu zagaya mu duba minti nawa muka yi. Ɗana mai shekara 14 shi ne mai riƙe agogon lokaci. Kuɗin kuwa na rufin ɗaki ne, uwargida ta sani, ta yi shiru irin na wanda ke jiran ranarsa.

Da aka zo kan agogunan tablo, ƙanena ya ce: "Yaya, mu fara da na ƙarfin baƙin mai da na zafin ruwa." Na ce ai akwai jar fitila. Na zuba kuɗina a kan agogon gudu da na juyin inji, manya masu haske, waɗanda ke sa mutum ya ji shi direba ne.

Ranar gwaji ta biyu na ɗauki yaron muka zagaya a hankali. Da muka tsaya ya ce: "Baba, jar fitilar nan tana ƙyiftawa in ka sha kwana." Na ce waya ce ta saki, yaro me ya sani a mota. Bai ƙara magana ba. Mako biyu bayan haka, ina cikin zagaye na shida, inji ya buga.

Da muka kwance shi ne ƙanena ya nuna mini abin da ya faru. In mota ta sha doguwar kwana da gudu, baƙin mai yana kwarara gefe guda na kaskonsa, famfo ya zuƙi iska maimakon mai. Inji mai lafiya, in ya yi zafi yana aiki, ƙarfin mansa yakan kai bar 3 zuwa 4. Jar fitila kuwa ba ta kamawa sai ya faɗo wajen rabin bar. Tsakanin nan da can babu abin da take faɗi. Da akwai allura, da tun ranar farko na ga tana faɗuwa a kowace kwana, da mun walda ƴan shingayen ƙarfe a cikin kaskon tun kafin ɓarna.

Wata takwas na yi ina tara kuɗin gyara. Wannan karon na sayi agogunan, sai na tarar sayen ma ba shi ne ƙarshe ba. Na zafin ruwa ya nuna 70 alhali inji na huci. Ashe ƴar na'urar da ake ɗaurawa a jikin inji ba abokiyar agogon ba ce, kowanne da ma'auninsa. Muka tsoma ta cikin butar shayi tana tafasa. Ruwa mai tafasa kusan 100 yake, a Tawa ko a Faransa, allura kuwa ta tsaya a 80. Muka canza ta. Tun daga nan ba na yarda da agogo sai na gwada shi da abin da na riga na san amsarsa.

Na kuma koyi cewa agogo mai kyau ma yana iya ruɗin mutum. In tiyo ya fashe ruwa ya zube, na'urar ba ta cikin ruwa kuma, allura na iya sauka alhali inji na ƙonewa. Manyan tayoyin da muka sa don rairayi sun sa agogon gudu yana nuna ƙasa da gaskiya. A cikin rairayi ma gudu ba shi ne abin dubawa ba: inji na kuka, mota na tafiya kaɗan, iska ba ta isar lagireto, zafi na hawa. A ƙarshe muka juya kowane agogo a mazauninsa yadda in komai lafiya allura za ta miƙe sama. Kallo ɗaya ya isa, tunda mai tuƙi ba shi da lokacin karatu.

A aji, ɗalibaina malaman gobe suna yawan tambayata yadda ake lissafin makin jarrabawa. Ina koya musu, aikina ne. Amma yanzu nakan ƙara musu cewa sakamakon ƙarshen shekara jar fitila ce, ranar da ta kama an riga an yi asara. Allurar tana cikin littafin yaro na kowace rana, da yadda ya daina ɗaga hannu, da tambayar da ya yi sau ɗaya aka gwale shi.

Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai. Inji na gyara shi da kuɗi. Yaron kuwa sai da na zaunar da shi na ce: "Kai ka gani, ni ban ji ba, ka yi haƙuri." Ya daɗe kafin ya sake gaya mini abu kai tsaye. Yanzu shi ke rubuta zafi da ƙarfin mai a kaye bayan kowane zagaye, in ya ce a tsaya, tsayawa ake.

Ɗakin dai an rufe shi bana, bayan damina biyu.