GRA Ta Bauchi: Gida Sai Da Gyara, Waya Ma Haka

Baƙon da ya baro hayaniyar kasuwar Wunti ya nufi GRA a Bauchi, abin da zai fara tarbarsa shi ne shiru. Ga inuwar darbejiya da mangwaro, ga gidaje cikin manyan filaye, kowanne da maigadi a bakin ƙofa. Turawa, waɗanda suka ci Bauchi a 1902, su suka soma keɓe wa ma'aikatansu mazauni a bayan ganuwa. Da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 sai ma'aikata suka yawaita, har ya zama akwai tsohuwar GRA da sabuwa.

Tsofaffin gidajen da suka kawo yau, ba ƙarfin bulo kaɗai ya riƙe su ba. Wanda ake toshe wa rufi kafin damina yana nan daram. Wanda aka saki kuwa, ko ya yi kyau daga titi, gara ta gama da cikinsa.

To, haka lamarin wayar da ke aljihun mazauna unguwar yake. A wajejen 2011, BlackBerry ce alamar babban mutum a Nijeriya. Amma ran 4 ga Janairu, 2022, kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa, masu su suka wayi gari da abin ajiya a akwati, alhali ko tsagewa ba su yi ba.

Dalili kuwa shi ne, kowace waya tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, kamar Android ko iOS. Kamfani yakan riƙa aiko da gyara ta intanet, yana toshe kafofin da ɓarayi suka gano. Ranar da ya daina, kafofin sai su zauna a buɗe, sauran manhajoji kuma su yi ta janye jiki. WhatsApp ya bar wayoyi masu Android 4.4 a Oktoban 2023, ya kuma bar iPhone 6 a 2025.

Maigida ba ya jin wannan a jikinsa, domin sabuwa zai saya. Tsohuwar ce takan gangara hannun direba ko kuku ko maigadi, ko ta faɗa kasuwa a matsayin ta hannu. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuwa, mutane da yawa ta waya suke karɓar albashi da aika kuɗin cefane. Ke nan talaka ne ke ajiye guminsa a ɗakin da aka daina gyara wa ƙofa.

Kamfanoni sun soma tsawaita alkawari. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yuni, 2025, ta wajabta shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Sai dai wannan doka ba ta iso Wunti ba, kuma alkawarin ƙananan wayoyi ya fi gajarta. Araha dai ba ta ado.

Saboda haka, mai sayen waya, sabuwa ko ta hannu, bayan ya duba batir da kyamara, ya kamata ya tambayi shekarar da ta fito, da shekarun gyaran da suka rage mata.