Olkiluoto, Tsibirin da Mai Sa Ido Ke da Ikon Cewa A'a

Daga Helsinki, babban birnin Finlan, mota ta nausa da mu yamma cikin daji mai dogayen itatuwa har garin Rauma, wanda ya yi suna da tsofaffin gidajen katako. Gaba kaɗan sai ƙaramar hukumar Eurajoki, inda tsibirin Olkiluoto yake a bakin teku. A nan ne injinan nukiliya guda uku suke samar da wutar lantarki. Biyu sun fara aiki a 1979 da 1982, na ukun kuwa, mai ƙarfin megawat 1,600, sai a 2023.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda mutane suke zaune lafiya kusa da wurin da sunansa kawai ke sa gaban mutum faɗuwa. Ga gonaki, ga gidajen hutu a gaɓar ruwa. Kuma ba rashin sani ba ne. A 1986, lokacin hatsarin Chernobyl, iska ta kwaso ƙurar nukiliya har ƙasarsu. Sun san abin da wutar nan take iya yi idan ta kufce.

A cibiyar karɓar baƙi, matar da ke zagayawa da mu ba ta ɓoye komai ba. Ita da kanta ta kawo zancen jinkirin injin na uku. An fara gininsa a 2005 da nufin a gama a 2009, amma ya ƙara shekara goma sha huɗu. Cikin dalilan akwai hukumar kula da tsaron nukiliya ta ƙasar, wadda ake kira STUK. Jami'anta sun ga matsala a kankaren harsashin ginin, sun ga walda da ba ta gamshe su ba, sai suka ce a gyara. Kuɗi na ta zurarewa, kamfanoni na ta ƙorafi, hukumar ba ta sassauta ba. Haka ma wata sabuwar tasha da aka so ginawa a Hanhikivi tare da kamfanin Rosatom na Rasha: shekara da shekaru takardun tsaronta ba su cika yadda hukumar take so ba, har aka watsar da aikin a 2022 ba tare da an ba da lasisin gini ba.

Hukumar tana da na'urori birjik a faɗin ƙasar masu auna tururin nukiliya dare da rana, kuma kowa na iya duba sakamakon a intanet. A watan Disamba na 2020 injin na biyu ya kashe kansa saboda wata tangarɗa. A ranar aka sanar da jama'a, daga baya bincike ya nuna babu abin da ya fita waje.

Inda na fi jinjina musu shi ne batun shara. Ragowar makamashin da injin ya gama amfani da shi yana da haɗari na dubban shekaru, kuma ƙasashe da yawa har yau suna ta jan ƙafa a kansa. Finlan ta yi doka a 1994 cewa sharar da aka yi a gida, a gida za a binne ta. Sai aka haƙa Onkalo a nan tsibirin Olkiluoto, rami mai zurfin sama da mita 400 cikin dutsen da ya kusa shekara biliyan biyu. Za a zuba sharar cikin manyan tukwane na jan ƙarfe, a lulluɓe su da yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, a toshe ramukan. Lissafinsu shi ne ta zauna a nan shekara 100,000. Kuɗin aikin kuma kamfanonin wutar ne suke tarawa a wani asusu na gwamnati tun suna sayar da lantarki.

Ba a yi wa mutanen Eurajoki dole ba. Doka ta ba ƙaramar hukuma ikon ƙin amincewa. Kansilolinta sun kaɗa ƙuri'a a 2000, mutum 20 suka yarda, 7 suka ƙi. A 2001 majalisar ƙasa ta amince da ƙuri'a 159, uku kacal suka ja. Har yanzu akwai masu shakka, musamman kan ko jan ƙarfen zai jure tsatsa tsawon wannan lokaci, kuma ana muhawarar a fili.

Mu ma zancen bai yi mana nisa ba. Ana haƙo yuraniyom a Arlit ta Nijar, akwai ƙaramin injin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, kuma an daɗe ana maganar gina tashar nukiliya a Najeriya. Injin dai kowa mai kuɗi zai iya saye. Kafin a kai ga nan, ya kamata mu tambaya: wa zai iya tsayar da aikin in ya ga kuskure, kuma shin zai ci gaba da zama a kujerarsa bayan ya tsayar?