Ƙwayoyin Da Ba Sa Kawo Cuta

A zangon karatun da ya wuce, Malaminmu na darasin fassara ya ba mu aikin juya wani ɗan rubutun kimiyya zuwa Hausa. Rubutun yana bayani ne kan yadda ake amfani da bakteriya wajen raba ƙarfe da dutse a wuraren haƙar ma'adinai. Ni da na koyi Hausa a aji, sai na buɗe ƙamus na rubuta: "Ƙwayoyin cuta suna fitar da tagulla daga dutse." Da Malam ya karanta sai ya dube ni ya ce, "To, wace cuta suke kawowa?" Na rasa amsa.

Wannan tambaya ce ta sa na koma na karanci batun sosai. A shekarar 1947 masana a Amurka suka gano waɗannan ƙananan halittu a cikin ruwa mai tsami da ke fitowa daga ramukan kwal. Ba sa rayuwa a jikin mutum. Daga ƙarfe da farar wuta da ke cikin dutse suke samun ƙarfi, kuma aikinsu yana haifar da asid da ke narkar da ma'adinin. A ƙasar Chile, wadda ta fi kowace ƙasa samar da tagulla, akan tara niƙaƙƙen dutse tsibi guda, a riƙa yayyafa masa ruwan asid har watanni, sannan a tattara ruwan da ya tsiyaye a cire tagullar da lantarki. A mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu kuwa, tun 1986 aka fara sa su fasa dutsen da ya rufe zinariya. Hanyar tana da jinkiri, amma tana amfanar da dutsen da a da akan zubar.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ni ɗan Inugu ne, kakana kuma ya yi aiki a ramin kwal. Ina yaro nakan ga jan ruwa kamar tsatsa yana gangarowa daga tsofaffin ramuka, iyayenmu suna hana mu wasa a ciki. Ashe irin wannan ruwa ne gidan halittun da nake fassarawa.

Da na gyara aikina sai na rubuta "bakteriya, wato wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani." Malam ya karɓa, amma ya ce jimlar ta yi tsawo ga mai karanta labarai a rediyo. Gaskiyarsa, sai dai idan na bar "ƙwayoyin cuta", mai sauraro zai iya zaton zinariyar da aka samo ta haka tana ɗauke da ciwo.

Don haka 'yan uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka tashi da Hausa, ina neman taimakonku da gajeriyar kalma da za ta dace. Wanda ya samu, ya same ni bayan darasin fassara.