Jan fitsarin Baffa

1/ Hutun da ya wuce na koma gida Kara, na tarar Baffa ya ajiye maganin tarin fukarsa, wata biyu kacal da farawa. Dalili? Fitsarinsa ya koma ja. Ya ce min, "Ɗan nan, maganin nan jinina yake zubarwa."

2/ Ikon Allah, a zangon nan muka karanta maganin a aji. Sunansa rifampicin. An samo shi daga rifamycin, wanda masu bincike a Milan ta Italiya suka gano a 1957 a jikin wata bakteriya, cikin ƙasar da aka ɗebo daga kudancin Faransa. Ƙasa fa, irin wadda muke takawa.

3/ To yaya bakteriya ke haɗa magani? Da wani dangin enzayim da ake kira PKS. Enzayim furotin ne da ke gaggauta haɗa sinadarai a jikin mai rai.

4/ Kun san gayyar gini, a jeru ana miƙa tubali hannu zuwa hannu? Haka PKS ke aiki. Kowane sashe zai karɓi sarƙar sinadarin, ya ƙara wa tsawonta kabon biyu, ya gyara, ya miƙa gaba. Na rifamycin sassa 10 ne, na erythromycin 6.

5/ A ƙarshe sarƙar ta naɗe ta zama zobe, kuma maganin shi kansa ja ne. Wato jan da Baffa ya gani ba jini ba ne, launin maganin ne ke fita. Har a gumi da hawaye yana nunawa.

6/ Ni dai ban yi masa zancen kabon ba. Cewa na yi, "Baffa, in kun ci goro bakinku ya yi ja, jini ne?" Ya yi shiru, can ya yi dariya. Washegari muka koma asibiti, aka sake gwajin kaki.

7/ Abin da ya hana ni barci: maganin tarin fuka galibi wata 6 ake sha. In aka yanke, ƙwayoyin da suka tsira na iya daina jin rifampicin, kuma na bayansa sun fi wahalar sha.

8/ Don Allah ku tambayi tsofaffinku ko suna shan nasu. Jan fitsari kaɗai ba ya sa a tsaya. In ido ya yi rawaya ko amai ya yawaita, a garzaya asibiti.

Baffa ya ci gaba da sha. Ku sa shi a addu'a.